Fentin shinge da dokar ƙungiyar unguwa: wanda ya taɓa shiga ciki ya ba mu labari

Maman Yusra, Katy, Texas:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Bara muka sayi gida a wata unguwa da ke ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje, wadda ake kira HOA. Shingen katakon gidan ya koɗe, rana da ruwa sun mai da shi toka-toka, sai maigida ya shafa masa fenti launin ƙasa mai duhu. Tubarkalla ya yi kyau. Kwatsam sai ga wasiƙa mai rajista, wai launin ba ya cikin waɗanda aka amince da su, mu gyara ko a ci mu tara. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda tasa ta ƙare.

Baban Khalifa, Frisco, Texas:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kada ku yi saurin kankare fentin, kada kuma ku ajiye wasiƙar a aljihun tebur. A Texas, babi na 209 na dokar kadarori ya wajabta musu aiko da sanarwa a rubuce kafin tara, da ba ku lokacin gyara, kuma kuna da kwana 30 daga ranar da aka aiko wasiƙar ku nemi a zauna a saurare ku. Ni na nema. A wurin zaman na gane ashe ba launi ne damuwarsu ba. Dokar unguwarmu ta hana fenti mai rufe katako gaba ɗaya, man katako kawai ta yarda da shi, irin wanda itacen ke shanyewa, jijiyoyinsa suna fitowa fili. Na je da hotunan shingen tun yana ruɓewa daga ƙasa, na nuna musu gyara na yi. Muka rabu a kan in sake gefen da ke kallon titi, na cikin gida kuwa aka bar mini. Aikin ya ci jiki: da injin goge katako muka bi falle-falle, ƙura ta cika mana gashi da hanci, har yanzu in ka matso kusa za ka ga ragowar fentin a ramin ƙusoshi. Amma ban biya ko sisi na tara ba.

Hajiya Babba, Orlando:
Mu nan Florida farin shingen roba ya fi yawa, to ni launin madara nake so saboda fari ba ya jure tabon ruwan ban-ciyawa. Na cike takarda tun kafin a kawo kaya, na manna samfurin launin, aka amsa mini a rubuce. Da aka canza shugabanni wani ya tayar da maganar, takardar nan na fito da ita, magana ta mutu. Dokar jiharmu ta ce tara ba ta wuce dala 100 a kan laifi, in ana lissafa ta kullum ba ta wuce 1,000 sai in takardun unguwar sun ce akasin haka, kuma sai an ba mutum sanarwar kwana 14 da zama gaban kwamiti. 'Yata, komai za ki yi da su, a rubuce.

Ɗan Zinder, Woodbridge, Virginia:
Ni abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Gida da guminka ka saya, kana biyan banki, kana biyan kuɗin ƙungiya, sannan a zaɓa maka launi? A gida mutum ya shafa wa katangarsa kore ko shuɗi, mai unguwa bai taɓa aiko masa da takarda ba. Tawa matsalar ma shingen tsakanina da maƙwabci ne, shi ya fente gefensa, fentin ya zubo ta tsakanin katakai, wasiƙa ta zo mini. Nan Virginia tara tana iya kai dala 10 a rana har kwana 90 in laifin ya ci gaba. Sai da na kai zanen filin da aka ba ni ranar sayen gida, aka ga shingen a cikin iyakarsa yake, sannan suka ƙyale ni.

Malam Na Marietta, Georgia:
Ɗan Zinder, na ji zafinka, amma ni na zauna a kwamitin duba gine-gine na unguwarmu, bari in faɗi abin da na gani. Mu ma masu gidaje ne, ba a biyan mu. Dokokin nan suna cikin takardun da aka yi wa rajista tare da filin, duk mai saye ya sa hannu ya karɓa, sai dai ranar sayen gida takardu sun yi tsibi, ba mai karantawa. In muka kau da kai ga mutum ɗaya, gobe wani zai kawo shi hujja. Inda na yarda da kai shi ne wasu ƙungiyoyin na rubuta "launin ƙasa" kawai ba tare da lambar fenti ba, sannan su hukunta mutum. Wannan zalunci ne. Mu sai da muka fitar da lambobin fentin kamfanin Sherwin-Williams muka raba wa kowa. Maman Yusra, ki nemi su nuna miki shafin da ya hana launinku, da jerin waɗanda aka yarda da su.

Maman Yusra:
Allah ya saka da alheri. Mun buɗe takardun daren jiya, Malam, kuma kamar yadda ka faɗa ne, "launin itace na asali" kawai aka rubuta, babu lamba. Gidaje da dama a layinmu shingensu ya fi namu duhu, maigida ya ɗauki hotunansu daga titi. Gobe in sha Allah za mu aika wasiƙar neman zama. Baban Khalifa, shaidar karɓar wasiƙa daga gidan waya ta isa, ko sai mun haɗa da imel?