Na kunna keepInventory, abokaina sun daina shiga duniyarmu

Ɗan Dorayi: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka min da shawara. Wata bakwai muna gina duniya ɗaya a wasan Minecraft na waya, ni da ƙanina da abokai biyu. Wayar ma ta hannu ce, a Farm Centre na saya da kuɗin da na tara ina jiran shagon kawuna a Kwari, batirinta ba ya awa biyu. Daren Juma'a ina Nether, wato duniyar wuta ta cikin wasan, sanye da kayan daimon da na sha sati uku ina haƙa, sai wayar ta tsaya cak. Tana dawowa na gan ni tsamo-tsamo cikin narkakken dutse, komai ya ƙone. Raina a ɓace na kunna keepInventory, don in mutum ya mutu kayansa su tsira. Yau kwana biyar ba wanda ya leƙo, ko saƙona ba sa amsawa. Ya zan yi?

Tsohon Hannu: Ƙanina, ka tafka kuskure. A Bedrock, wato Minecraft ɗin da ake yi a waya, keepInventory na cikin cheats (saitunan maguɗi), kuma da ka kunna cheats, achievements (lambobin yabon wasan) na duniyar nan sun tafi ke nan, ko ka kashe ba su dawowa. Wahalar kowa ka zubar. Ka ba su haƙuri, ku buɗe sabuwa a Hardcore, rai ɗaya, tunda an kawo shi waya a 2024.

Ɗan Dorayi: Yaya, ai ba ganganci ya kashe ni ba, wayar ce.

'Yar Hotoro: Kada ka goge komai. Ka sa add-on, ƙarin da ake ɗora wa wasan, mai ajiye kayan mutum a kabari in ya mutu. Ni phantom, dodon nan mai tashi da dare, shi ne ya ishe ni wallahi. Dare uku ba ka kwanta ba, ga su a kanka, wai 'yan wasa ne suka zaɓi a saka su a wasan a 2017. Ni dai ban zaɓa ba.

Na Kabuga: Microsoft ta sayi Mojang, kamfanin da ya ƙirƙiri Minecraft, dala biliyan 2.5 a 2014, amma ƙaramar waya har yau shaƙewa take. Sababbin dabbobi da Marketplace, kasuwar cikin wasan, kawai suka sa a gaba. Masu Java, Minecraft na kwamfuta, na sauke mods (irin add-on ɗinsu) kyauta, mu sai Minecoins, kuɗin cikin wasan da ake saya.

Tsohon Hannu: Kabari ma maguɗi ne. Tun 2012 nake wasan nan. In mutuwa ba ta da zafi, me ake tsira daga gare shi?

'Yar Hotoro: Malam, kai da kwamfuta da sola kake magana.

Na Kabuga: Tukuna, duniyar ta waye?

Ɗan Dorayi: A wayata take, datana kuma ke ƙonewa, shi ya sa ban ga dalilin neman izini ba. Katangar da ƙanina ya gina mai siffar Ƙofar Nassarawa kuwa ba zan goge ta ba. Akwai wanda ya san wata dabara?