A agaza: me za a kira "Romantic" a fagen zane?

Mai Shiri: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shiri kan zanen Francisco Goya, mutumin Sifaniya, zanen da ke nuna Satun, wani ƙato a labarin Romawan da, yana cin ɗansa. Da fentin mai Goya ya yi shi a bangon gidansa a wajen Madrid, farkon shekarun 1820, daga baya aka mayar da shi kan ƙyalle, yanzu yana gidan tarihi na Prado. Takardar da aka ba ni ta ce salon "Romantic" ne. In ce me?

Ɗan Fagge: Zanen soyayya mana.

Malamar Adabi: Haba ƙanena! Ƙato ya zazzaro idanu, ya riga ya cinye kan ɗan da hannun dama, yana gatsar na hagu, ga jini, ka ce soyayya? Salo ne da ya taso a Turai ƙarshen ƙarni na 18, masu shi suka gaji da bin ƙa'idar magabata, suka koma kan abin da ke kaɗa zuciya: tsoro, hauka, teku in ta fusata. Ni dai "salon shauƙi".

Kawu: Shauƙi Larabci ne. Mu da ke da tsuma? Yadda ɗan dambe ke tsumuwa in an kaɗa masa takensa. Na daɗe ina cewa a kira shi "tsumau".

Malamar Adabi: Kawu, Allah ya ja kwana, littafi da alƙalami ma aro ne daga Larabawa, ba ka taɓa mayar musu ba.

Ɗan Damagaram: A rediyo tsumma za a ji. Mu nan romantizim muka sani tun makaranta, babu wanda ya mutu.

Kawu: To ku da Faransanci ya gama da ku, ku ne za ku koya mana Hausa?

Ɗan Damagaram: Mu Faransanci, ku Ingilishi. Waye ya tsira?

Mai Shiri: Don Allah a bari. Labarin fa? An faɗa wa Satun ɗansa zai ƙwace mulki, shi ya sa duk wanda aka haifa sai ya cinye. Tatsuniya ce?

Malamar Adabi: A'a. Romawa bauta masa suka yi, har haikali gare shi a birnin Rum. Ba Gizo ba ne. Ce "almarar Romawa", ita ma da ƙyar.

Mai Shiri: Shi ke nan. Zan ce "salon Romantik, wato zanen da ke tsuma rai".

Kawu: Ka ɗauki rabin kalmata ka jingina wa ta Bature. Je ka dai, tunda sauri kake.