'Yan reluwe da makanikai, ya kuke hana ƙura cin boris?

Makaniken Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman waɗanda suka taɓa aikin reluwe ko iyayensu suka yi, musamman mutanen Gusau da Kaura. Ni gyaran tirela nake yi, kuma hunturun bana ya ba ni wahala, akwai wata mota guda da ke ɗauko hatsi daga ƙauye ta hanyar burji, sau uku ina canza mata boris na ƙafar baya cikin wata biyu, duk sanda na buɗe hob ɗin, wato gidan boris da ke tsakiyar ƙafar, sai in tarar giris ya koma ja kamar kunun kanwa, in ka murza shi tsakanin yatsu kana jin yashi ƙaras-ƙaras. Mai motar har ya fara yi min wani kallo kamar jabun kaya nake sa mishi, abin na damuna wallahi. Jiya na bi ta bayan tasha na tsaya ina kallon tsofaffin taragun nan, na ga akwatunan ƙarfe da ke jikin ƙafafunsu, sai na ce to su waɗannan da suke ɗaukar gyaɗa da auduga cikin wannan ƙurar tamu shekara da shekaru ya aka yi suke tsira? Wanda ya sani ya taimaka.

Ɗan Baba na Kaura:
Wa alaikumus salam Oga. Na karanta ma Baba tambayarka, shi ya yi aikin duba taragu tun yana saurayi har ya aje aiki, yanzu ido ya yi rauni shi ya sa ni nake rubutawa yana faɗi. Ga abin da ya ce:

Ɗana, akwatin da ka gani tsohon yayi ne, babu boris mai ƙwallaye ciki ko ɗaya. Ƙafar jirgi da sandar aksil a haɗe suke, tare suke juyawa, ba irin na mota ba. Bakin sandar shi ke leƙowa waje ya shiga cikin akwatin, kuma an goge shi sumul kamar madubi. Bisa kanshi akwai tagulla mai kama da rabin kwano, an shafe cikinta da farin ƙarfe mai laushi, duk nauyin tarago bisa wannan tagullar yake zaune. Ƙasan akwatin kuma mukan cusa zaren auduga da munka jiƙa da mai, shi ke lasar sandar daga ƙasa tana juyawa tana kai man sama. To ƙarfe bai taɓa ƙarfe, mai ne tsakaninsu, siriri ƙwarai, in ƙura ta shiga wannan man shi ke nan ya zama samfefa.

Ƙofa biyu ƙura ke da ita. Ta gaba murfi ne, kowa na ganinshi, in ya karkace ko sifirin ɗinshi ya mutu ko yaro ya sani. Wadda ke kashe mutane ita ce ta baya, inda sandar ke shigowa, can akwai wani falle na katako da anka huda ma rami daidai kaurin sandar, wani da fata ko bargo a bakin ramin, ana zura shi ta sama cikin wata tsaga. Kullum sandar na gugarshi, ramin na faɗi a hankali, wata rana ya tsage, kuma ba ka ganinshi sai ka duƙa ka leƙa bayan ƙafa. Nan ne ƙafar ke watso ƙasa. Helumanmu in ya ga ka duba murfi ka wuce ba ka duƙa ba, sai ya kira ka ya ce koma, gwiwarka ba ta yi datti ba.

Makaniken Tudun Wada:
Allah ya ƙara ma Baba lafiya da nisan kwana. Wannan na bayan shi ne daidai oyil sil a wurinmu. Amma Baba ni sabon sil nake sawa duk lokacin, shi ya sa abin ya ɗaure min kai.

Ɗan Baba na Kaura:
Ya ce amin. Ya ce ka ba shi amsa tsakaninka da Allah, ina kake aje gwangwanin giris ɗinka, kuma a rufe yake ko a buɗe? Ya ce su a zamaninsu zaren nan ba a aje shi ƙasa ko na minti ɗaya, cikin durom mai murfi ake jiƙa shi ya kwana ya sha mai, a tsame shi ya tsane, a ɗauko cikin bokiti mai murfi. Wanda ya faɗi ƙasa ya faɗi ke nan, ba a kakkaɓewa a mayar. Ya ce akwai wani abokin aikinshi da ya taɓa cusa zare ranar da anka tashi da iska mai ƙarfi, ya bar murfi huɗu a buɗe ya tafi sallar azahar, da ya dawo bai canza ba ya rufe abinshi, taragon nan bai kai Funtua ba akwati biyu sunka ɗau zafi. Ya ce mafi yawan ƙurar da ya gani cikin akwati hannun ma'aikaci ne ya kai ta.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni ban san komai a ƙarfe ba amma na ga abin da idona. Ina budurwa muna bin jirgi ni da innata zuwa Zariya saro kaya, lokacin sanyi ne hazo ya rufe ko'ina, mun wuce Tsafe kaɗan sai wani wari ya fara shigowa ta taga kamar ana ƙona tsumma da man inji, mata suka fara salati, can sai jirgi ya tsaya a daji. Muka leƙa, hayaƙi baƙi na fita daga ƙafar taragon da ke gabanmu, har da ɗan harshen wuta. Ma'aikata suka zo da gudu, ɗaya ya sa ƙugiya ya ɗaga murfin ya jawo zaren yana ci da wuta ya yar a ƙasa. Wani dattijo cikin fasinja ya kawo butarshi zai watsa ruwa suka daka mishi tsawa, na daɗe ina mamakin dalili. Mun fi awa biyu a wurin, daga baya aka ja mu a hankali kamar tafiyar ƙafa har tasha ta gaba aka cire taragon. Innata ba ta saki hannuna ba har muka sauka Allah ya jiƙanta.

Injiniya Ƙarami:
Amin Hajiya. Dalilin tsawar shi ne ƙarfen da ya yi zafi haka in aka kwara mishi ruwan sanyi farat ɗaya yana iya yin tsaga a ciki wadda ido ba ya gani, wata rana ana cikin gudu bakin aksil ya karye, tarago ya sauka daga kan dogo. Gara a bar shi ya huce da kanshi. Farin ƙarfen da Baba ya faɗa kuwa bai kai digiri 300 ba yake fara narkewa, da ya narke sai tagulla ta hau sandar kai tsaye, daga nan sai wuta. Amma laushin nashi da gangan ne, ƙananan ƙwayoyin yashi suna nutsewa cikinshi su ɓuya maimakon su karce sandar, sai dai in sun yi yawa ya gaza. Boris namu na ƙwallaye ko na rola ba shi da wannan haƙurin ko kaɗan, ƙarfe ne mai tauri kan mai tauri, kuma yashi ya fi shi tauri, shi ya sa kake ganin 'yan ramuka kamar ƙyanda a kan kofin, wato zoben da rolar ke birgima a kai.

Yawancin taragun kaya na yanzu boris ɗinsu rola ne a rufe ruf, da giris ɗinshi da sil gaba da baya tun daga masana'anta, ana matsa shi kan aksil da injin matsi, ba mai buɗewa a tasha. Kamfanin Timken na Amurka ya fito da irin wannan tun 1954. A ƙasashen da ke da dogayen layuka har na'ura suke dasawa gefen dogo tana auna zafin kowace ƙafa jirgi na wucewa. Layinmu na Zariya zuwa Kaura da ya iso a 1929 kuwa, su Baba da bayan hannu suke auna zafin.

Ɗan Baba na Kaura:
Baba ya yi dariya ya ce gaskiya ne ɗana, guduma a dama, bayan hannun hagu a jikin akwati. Da jirgi ya tsaya sai su bi shi ɗaya ta wannan gefen ɗaya ta wancan, a buga ƙafa a saurari amo, in ta yi ƙara garau lafiya, in ta yi dum to akwai tsaga. Akwati kuma ɗumi kamar jikin mutum ba komai, in ka kasa barin hannunka a kai to a buɗe. Ya ce bayan hannu ake sawa don tafin ma'aikaci ya yi kanta ba ya jin zafi da wuri.

Abban Sadiya:
Ni fa a ganina maganin ƙura giris ne da yawa. Injin niƙa gare ni a Talata Mafara shekara tara, ga ƙurar gari ga dusa, duk safiya sai na danna giris har ya fito ta gefe, wanda ya fito shi ke tare ƙurar ai, tana mannewa a waje ba ta shiga. Oga ka cika hob ɗin taf ka gani.

Injiniya Ƙarami:
Yaya a injinka akwai gaskiya a ciki, domin gidan boris ɗinka yana da hanyar da tsohon giris ke fita, sabo na tura tsoho waje da dattinshi. Hob ɗin tirela ba haka yake ba, in ka cika shi taf giris ba shi da wurin motsi, sai ya yi ta dakuwa ya ɗau zafi ya narke ya tura sil ɗin waje, da sil ya buɗe baki kuma ƙura ta samu hanya. A cusa giris cikin rolar sosai da hannu mai tsabta, sararin hob ɗin kuma kada ya wuce rabi.

Abban Sadiya:
To ban san wannan ba, amma dai ni nawa bai taɓa ba ni matsala ba sai sau ɗaya da yaron shago ya bar bakin famfon giris cikin dusa ya ɗauka ya danna haka nan, sati bai rufa ba boris ya fara kuka.

Kawu Direba:
Oga makanike bari in faɗa maka abin da ba ka so, ni shekara 22 ina jan babbar mota. Sau nawa ina tsaye ana wanke boris ɗina da kananzir a cikin kaskon da aka wanke na mota biyar, a ɗauko a shanya a kan kwali a ƙasa bakin titi, tirela na wucewa tana bulbula ƙura, yaro ya goge hannu a wandonshi ya kwaso giris daga bokitin da ba shi da murfi tun ranar da aka saye shi. In ka yi magana a ce Kawu ka cika ƙorafi. Ba da kai nake ba don ban san garejinka ba, amma ka duba. Na biyu ka duba inda leɓen sil ke zama a kan aksil, tawa ta taɓa yi min haka, ashe wurin ya ci ya yi zobe, ka sa farce ka ji kwari, ko sil goma ka canza ba zai kama ba. Sai da aka sa mata siliba, wato siririn zoben ƙarfe da ke rufe kwarin, a wurin sannan na huta. Mu ma direbobi muna da namu, mutum ya fito daga tafiya hob da zafi ya faɗa cikin ruwa a mashaya ko ya kai wanki a sa mata ruwan matsi daidai sil, yana hucewa yana zuƙo ruwa da laka ciki.

Makaniken Tudun Wada:
Kawu ba ka faɗi ƙarya ba, kuma Baba tambayarka ta same ni. Bokitin giris ɗina murfinshi ya ɓace tun damina, kwali muke ɗorawa, iska na ɗaukewa. Yanzun nan na je na sa yatsa a saman na murza, yashi ne a ciki. Na kwashe saman na zubar amma zuciyata ba ta kwanta ba, gobe zan sayo sabo ƙarami in ware shi na boris kaɗai. Motar tana dawowa ranar Laraba, zan sa farce a wurin zaman sil kamar yadda Kawu ya ce, kuma a cikin shago zan haɗa ba a waje ba.

Ɗan Baba na Kaura:
Baba ya ce madalla. Ya ce ka ƙara da wannan, in za ka buɗe to da sassafe kafin iska ta tashi, ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin, kuma kafin ka kwance ko noti ɗaya ka fara goge bayan hob ɗin tas, su haka suke share bakin akwati da tsumma kafin su ɗaga murfi don abin da ya taru a gefe kada ya zube ciki. Sabon boris kuma kada ka fidda shi daga ledarshi sai hannunka ya kai ga sawa. Ya ce in ka buɗe ranar Laraba ka ɗebo tsohon giris ɗin ka shafa a farar takarda ka ɗaga a rana, in ja ne ƙasar hanya ce ta sil ta shigo, in kuma yana ƙyalli kamar garin azurfa to boris ɗin ne ya fara cin kanshi, ka zo ka faɗa mana wanda ka gani.