Abincin da ke ba da bitamin D: abin da aka tsayar a hira

A zaman da muka yi, kowa ya yarda kifi mai maiƙo ne gaba: titus da sadin, ko na gwangwani ne. Gwaiduwar ƙwai na taimakawa, amma kaɗan take bayarwa, ƙwai ɗaya bai kai kashi goma cikin ɗari na buƙatar babba a yini ba. Madarar gari kuma a duba jikin gwangwanin, wasu kamfanoni na ƙara shi. Hanta ma tana da shi, amma an gargaɗi mai juna biyu kan yawan cin ta, saboda yawan bitamin A da ke cikinta.

Shawarar da ta fi ratsa ni ita ce ta masu yini a ɗaka: su riƙa zama a tsakar gida da hantsi, rana ta taɓa hannu da ƙafa, domin fata da kanta take haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta.