Ni kaɗai ce mace a sashenmu, kowane kwamiti ni ake turawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyarwa a sashen injiniyan lantarki, ban daɗe da kammala digirin dakta ba, kuma ni kaɗai ce mace cikin malaman. Duk kwamitin da aka kafa sai an saka sunana don a ce akwai mace. Ni ke rubuta bayanin taro, ni ɗalibai mata ke kawo wa kuka. Bincikena kan wutar sola ya tsaya cak. Yanzu shugaban sashe yana so in karɓi kula da jarrabawa. In karɓa ko in ba shi haƙuri? Wa zan riƙa tuntuɓa, tunda babu babbar mace a gabana?

Wata Farfesa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ɗauko ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku ki karanta da kyau. Akasari maƙalun da kika wallafa da tallafin binciken da kika jawo ne ke da nauyi, rubuta bayanin taro kuwa ba ya kai ki ko'ina. Aikin jarrabawa daban ne, a nan ake sanin yadda sashe ke tafiya, kuma masu zaɓen shugaba suna tunawa. Ki karɓa, amma da sharaɗin a cire ki daga sauran kwamitocin, a rubuce.

Malama a sashen gine-gine: Anti Farfesa, a yi min afuwa, ni ina ganin ta dakata. Haɗa sakamako yana cinye hutun da mutum zai zauna a ɗakin gwaji. Ta fara fitar da maƙalu daga kundin digirinta tukuna, muƙami ba zai gudu ba.

Malama a sashen kanikanci: Dakta, maganar abokin shawara ce ta fi taɓa ni. Kada ki jira sai kin samu babba. Mu sa'anni ne muka haɗu daga sassa daban-daban, muna zama duk wata. Kowa ta kawo daftarin maƙalarta a yi mata gyara ba sani ba sabo, mai shirin kare buƙatar tallafi ta gwada jawabinta a gabanmu. Juyawa muke yi wajen jagorantar zaman, a nan na koyi tafiyar da taro.

Wata Injiniya: Ki shiga IEEE Women in Engineering, wato ƙungiyar mata injiniyoyi ta duniya, sannan ki duba OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa da ke Trieste a Italiya, suna da tallafi na musamman ga mata masu digirin dakta da ke farkon aiki. Kuma kada ki raina babban malami namiji mai mutunci, shi zai ambaci sunanki a taron da ba kya ciki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan je wa shugaba da sharaɗin Anti Farfesa, in ya ƙi, in ba shi haƙuri. Malama ta kanikanci, don Allah ku saka ni a zamanku na gaba.