504 dina tana kin tashi in rana ta take, in sa mata famfon mai na lantarki?

Dan Zango:
Salam yan uwa. Peugeot 504 ce gareni mai karburato (inda esansi ke gauraya da iska kafin ya shiga inji) na Solex, da safe lafiya lau amma da azahar in na tsaya a garin Mirya na kashe ta ko minti goma sai ta ki tashi sai an tura. wani yace in sa famfon lantarki, zai yi kuwa?

Bakanike Sabon Gari:
Zai yi dan uwa. zafi ne ke sa esansi ya zama tururi cikin tiyo, famfon injin kuma baya iya jan tururi. amma kar su sayar maka na motar injeksiyo (mai fesa mai da karfi, ba ta da karburato), karfin turawar wancan yana kai bar 3 (bar ma'aunin karfin turawa ne), karburato 0.2 zuwa 0.3 kawai take so, in ya wuce haka sai mai ya cika ta yana malala kan injin mai zafi, wuta kenan Allah kiyaye. ka daura famfon lantarkin can baya kusa da tanki kasa kasa don turawa ya iya ba ja ba, da filtir kafin shi saboda dattin man kwalba.

Na Birni:
Gaskiya ne maigida. a sa rele (makunnin da ke kunna kansa da lantarki) da fizibil (mai yanke wuta in ta yi yawa), a hada ta yadda in injin ya mutu famfon shima ya tsaya. tsohon famfon kuma a cire a toshe gurbin, in robarsa ta fashe esansi cikin bakin mai na injin zai zuba.

Dan Zango:
Na gode, rele din wane iri zan nema?