Kafin a yi wa'azi da Irmiya 29:11

Ayar ita ce inda Allah ya ce shirin da yake musu na alheri ne, ba na masifa ba, domin ya ba su bege a nan gaba. Malaman da suka tattauna ayar sun yarda a fara karatu daga aya ta 1. Wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima ga Yahudawan da sarki Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a 597 kafin haihuwar Almasihu. Aya ta 10 ta ce sai bayan shekara 70 za su komo, ke nan yawancinsu can za a binne su. Shi ya sa aka ce su gina gidaje, su yi lambuna, su aurar da 'ya'yansu. Inda masu wa'azi ke tuntuɓe shi ne mai da alkawarin da aka yi wa al'umma ya zama na mutum guda mai neman aiki bana. A leƙa sura 28 ma: wani annabi, Hananiya, ya yi alkawari za a komo da su cikin shekara 2, ƙarya ce.